Richard Nixon: Shugaban Da Ya Rinjayi 'Yan Jarida, Ya Rasa Kujerarsa

A duk tsawon tarihin ƙasar Amurka, shugaba ɗaya ne tak ya taɓa ajiye mulki da kansa tun wa'adinsa bai cika ba. Wannan kuwa shi ne Richard Milhous Nixon, shugaban ƙasar na 37, wanda ya bar Fadar White House ranar 9 ga Agusta, 1974. Yadda aka saba ba da labarin shi ne wai wasu matasan 'yan jarida biyu ne suka kayar da shi da alƙalaminsu. Amma duk wanda ya bi rayuwar mutumin daki-daki zai ga lamarin ya fi haka zurfi. Da wuya a sami shugaban da ya kai Nixon ɓata lokaci da tunani wajen sarrafa abin da jaridu ke faɗi a kansa, kuma dabarun nasa sun yi aiki, har ya lashe zaɓe da gagarumin rinjaye alhali badaƙalar Watergate tana kan shafukan jaridu. Abin da ya ci shi daga baya shi ne bashin ƙaryar da aka ci domin samun wannan nasara.

An haifi Nixon ranar 9 ga Janairu, 1913, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Yorba Linda da ke jihar Kalifoniya. Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, mahaifinsa yana da kantin kayan masarufi haɗe da gidan mai a garin Whittier, kuma yaron ya tashi yana taya shi tun da asuba kafin ya tafi makaranta. 'Yan'uwansa biyu sun rasu yana saurayi. Ya yi karatu a kwalejin garinsu, sannan ya samu digirin lauya a Jami'ar Duke a 1937, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tashi cikin ƙunci ya bar masa wani miki a zuciya, wato jin cewa 'ya'yan masu hali da suka fito daga manyan jami'o'in gabashin ƙasar suna yi masa kallon raini. Su kuwa waɗannan mutane, a ganinsa, su ne ke riƙe da manyan jaridun New York da Washington.

Ya shiga Majalisar Wakilai a zaɓen 1946, kuma cikin shekara biyu sunansa ya cika ƙasa saboda yadda ya dage kan binciken Alger Hiss, wani tsohon babban jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje da aka zarga da yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri. An yanke wa Hiss hukuncin ɗauri kan laifin rantsuwa bisa ƙarya a 1950, shekarar da Nixon ya zama sanata. Har ya mutu, Nixon ya yi imanin cewa 'yan jaridar da suka goyi bayan Hiss ba su taɓa yafe masa ba.

Darasin da ya fi tasiri a kansa ya zo ne a 1952, lokacin da yake takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Janar Dwight Eisenhower. Jaridar New York Post ta kwarmata cewa wasu attajirai sun tara masa wani asusu na kimanin dala 18,000, nan take aka shiga kiran a sauke shi daga takara. Maimakon ya tsaya amsa tambayoyin 'yan jarida, sai jam'iyyarsa ta Republican ta saya masa rabin awa a talabijin. Ranar 23 ga Satumba ya fito gaban mutane kimanin miliyan 60, ya zayyana abin da ya mallaka da bashin da ake bin sa, har ya kawo zancen wani ɗan kare da aka ba 'ya'yansa kyauta. Saƙonnin goyon baya suka yi ta kwarara, Eisenhower ya ci gaba da tafiya da shi. Daga ranar Nixon ya gane cewa ɗan siyasa yana iya tsallake 'yan jarida ya yi magana da jama'a kai tsaye, kuma ya kuɓuta.

Shekara takwas ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa, kuma shi ne ya wakilci Amurka a bikin samun 'yancin kan Ghana a 1957. A 1960 talabijin ɗin da ta cece shi ta juya masa baya. A muhawararsu ta farko da John Kennedy ya bayyana a rame, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, gumi na tsattsafo masa, abokin hamayyarsa kuwa tsaf-tsaf. Ya faɗi zaɓen da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 120,000 ba a duk faɗin ƙasar. Bayan shekara biyu ya sake shan kaye a takarar gwamnan Kalifoniya, inda ya fito cikin fushi ya shaida wa manema labarai cewa sun rasa wanda za su riƙa tattakawa, domin ba zai ƙara kiran taronsu ba. Kowa ya ɗauka tasa ta ƙare. Sai ga shi a 1968 ya dawo ya ci zaɓen shugaban ƙasa, bayan yaƙin neman zaɓen da aka gina kan shirye-shiryen talabijin waɗanda mutanensa suka tsara, suka kuma zaɓi masu yi masa tambayoyi.

Da ya hau mulki a Janairun 1969, sai ya mayar da waɗannan darussa tsarin gwamnati. Ya kafa ofishin sadarwa na fadar shugaban ƙasa a ƙarƙashin Herbert Klein, aikinsa shi ne tura saƙon gwamnati kai tsaye ga editocin ƙananan jaridu da gidajen rediyo na jihohi, ba tare da an bi ta hannun wakilan da ke Washington ba. Ga kujerar kakakin fada kuma ya ɗauko Ronald Ziegler, matashi ɗan shekara 29 wanda ya fito daga kamfanin tallace-tallace, bai taɓa aikin jarida ba. Kowace safiya ana kawo wa shugaban taƙaitaccen bayanin abin da jaridu da talabijin suka faɗa, shi kuma yana rubuta umarni a gefen takarda kan wanda za a yaba wa da wanda za a rufe wa ƙofa. A Nuwamban 1969 aka tura Mataimakin Shugaban Ƙasa Spiro Agnew birnin Des Moines, ya yi wa manyan gidajen talabijin kaca-kaca, yana zarginsu da zama 'yan tsirarun da ba wanda ya zaɓe su amma suke yanke wa ƙasa abin da za ta ji.

Har zuwa nan, ana iya cewa siyasa ce kawai. Inda aka fara ƙetare iyaka shi ne wajen farautar masu tsegunta wa jaridu sirrin gwamnati. Bayan New York Times ta bayyana a watan Mayun 1969 cewa Amurka na jefa bama-bamai a Kambodiya a ɓoye, sai aka shiga satar sauraron wayoyin mutum 17, huɗu daga cikinsu 'yan jarida. A Yunin 1971 jaridar ta fara buga wasu takardun sirri na Ma'aikatar Tsaro kan tarihin yaƙin Biyetnam. Gwamnati ta garzaya kotu don hana bugawa, amma Kotun Ƙoli ta yi watsi da buƙatar da alƙalai 6 a kan 3. Da shari'a ta gagara, sai fadar ta kafa wata tawagar ɓoye da aka yi wa laƙabi da masu gyaran famfo, wai don su toshe inda sirri ke yoyo. A Satumban wannan shekara mutanen tawagar suka fasa ofishin likitan Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun, suna neman abin da za su ɓata masa suna da shi. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin 'yan wannan tawaga, Howard Hunt da Gordon Liddy, su ne dai suka shirya aikin Watergate. Wato tun asali, tsoron abin da jaridu za su buga ne ya haifar da mutanen da suka jawo badaƙalar.

Daren 17 ga Yuni, 1972, wani mai gadi ya lura an manna tef a makullin wata ƙofa a ginin Watergate da ke Washington, ya kira 'yan sanda. Aka kama mutum biyar a hedkwatar jam'iyyar Democrat ɗauke da na'urorin satar magana da sababbin takardun dala ɗari-ɗari. Ɗaya daga cikinsu, James McCord, shi ne jami'in tsaro na kwamitin sake zaɓen shugaban ƙasa. Daga nan ne za a ga yadda gwamnati ke tafiyar da 'yan jarida idan ta shiga tsaka mai wuya.

Matakin farko shi ne ƙasƙantar da lamarin. Kwana biyu da kamen, Ziegler ya kwatanta abin da fashin ƙananan ɓarayi wanda bai cancanci fadar shugaban ƙasa ta tanka ba. Ranar 22 ga Yuni Nixon da bakinsa ya ce fadarsa ba ta da hannu. Washegari kuwa, a cikin ofishinsa, ya amince da shawarar shugaban ma'aikatansa, Bob Haldeman, cewa a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta roƙi FBI ta dakatar da bin sawun kuɗin, da sunan tsaron ƙasa. Mataki na biyu shi ne binciken jeka-na-yi-ka. A ƙarshen Agusta shugaban ya sanar cewa lauyan fada, John Dean, ya gudanar da cikakken bincike kuma ya wanke dukkan ma'aikatan fadar. Dean ya bayyana daga baya cewa a talabijin ya fara jin labarin wannan bincike nasa.

Mataki na uku shi ne a bar zancen a kama mai zancen. Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post sun gano cewa wani cekin dala 25,000 na yaƙin neman zaɓen Nixon ya shiga asusun ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, sannan suka ruwaito cewa tsohon Ministan Shari'a John Mitchell yana cikin masu iko da wani asusun ɓoye na leƙen asirin 'yan adawa. Martanin fadar ya kasance zargin jaridar da ƙage, da dogaro da jita-jita, da yi wa ɗan takarar Democrat, George McGovern, aiki. Kalaman sun yi zafi, amma idan aka tace su sai a ga sau da yawa ba su musanta ainihin abin da aka rubuta ba. Ranar 25 ga Oktoba jaridar ta yi tuntuɓe, ta ce wani shaida ya ambaci sunan Haldeman a gaban masu tantance tuhuma a kotu, alhali ba a ma yi masa tambayar a can ba. Gaskiya ne Haldeman na da iko da asusun, amma fadar ta kama wannan kuskure ta yi ta yayatawa, tamkar ya rushe dukkan rahotannin da suka gabata.

Mataki na huɗu shi ne a taɓa aljihu. Da gidan talabijin na CBS ya ware minti 14 na labaran yamma ga Watergate a ƙarshen Oktoba, mai ba shugaban shawara Charles Colson ya kira shugaban kamfanin, William Paley, sai ga kashi na biyu na rahoton ya fito a gajarce. Bayan zaɓe aka hana wakiliyar Washington Post shiga bukukuwan fada, aka riƙa ba kishiyarta Washington Star hirarraki na musamman, sannan wasu magoya bayan shugaban suka ƙalubalanci lasisin gidajen talabijin biyu da kamfanin jaridar ya mallaka a jihar Florida. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi warwas, amma mai jaridar, Katharine Graham, ta ƙi janye wakilanta.

Dole a faɗi gaskiya, waɗannan dabaru sun ci nasara. Akasarin jaridun ƙasar sun yi biris da labarin, kuma fiye da jaridu 700 ne suka fito fili suka goyi bayan Nixon, McGovern kuwa bai samu 60 ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi a daf da zaɓe ta nuna kusan rabin Amurkawa ba su ma san da Watergate ba. Abin da suke gani a talabijin shi ne shugabansu a birnin Beijing a watan Fabrairu, da kuma a Mosko a watan Mayu. Ranar 7 ga Nuwamba ya lashe jihohi 49 cikin 50, da sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u.

To amma Hausawa kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Domin maganar kakaki ta ci gaba da tsayawa, dole waɗanda aka kama su yi shiru, domin su yi shiru dole a biya su, domin kada kuɗin ya fito fili dole wasu manya su yi rantsuwa bisa ƙarya. Haka kowace sanarwar da aka karanta wa 'yan jarida ta riƙa jawo wani sabon laifi a bayan fage. Su kuma waɗanda suka karɓi lamarin a 1973, ba mutanen da ake iya hana wa hira ko a yi wa barazana da lasisi ba ne. Alƙali John Sirica bai gamsu da abin da ya ji a shari'ar ba, ya nuna zai yanke hukunci mai tsanani, sai McCord ya rubuta masa wasiƙa cewa an matsa musu su yi shiru kuma an yi ƙarya a gaban kotu. Majalisar Dattawa, da ƙuri'a 77 ba hamayya, ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sanata Sam Ervin.

Ranar 17 ga Afrilu, 1973, Ziegler ya tsaya gaban wakilan da ya shafe wata goma yana yi wa tsawa, ya shaida musu cewa bayanan da fadar ta bayar a baya sun daina aiki. Mako biyu bayan haka Haldeman da John Ehrlichman suka yi murabus, aka kori Dean, shi kuma Ziegler ya nemi afuwar Washington Post a bainar jama'a. Ba a taɓa tuhumarsa da laifi ba, kuma alamu sun nuna an ɓoye masa abubuwa da dama. Sai dai wannan ita ce makomar kakakin da ake turawa ya kare abin da ba a gaya masa ba: ranar da maganarsa ta karye, shugabansa ya rasa bakin da zai yi magana da shi. Daga tsakiyar shekarar, mataimakinsa Gerald Warren ne ya koma amsa tambayoyin yau da kullum.

Talabijin ɗin da Nixon ya dogara da ita don tsallake 'yan jarida, ita ce ta kai zaman kwamitin Ervin cikin ɗakunan jama'a kai tsaye tun daga watan Mayu. A nan ne, ranar 16 ga Yuli, wani tsohon hadiminsa, Alexander Butterfield, ya bayyana cewa tun 1971 akwai na'urorin da ke naɗar duk abin da aka faɗa a ofishin shugaban. Nixon ya ƙi miƙa faya-fayan. Ranar 20 ga Oktoba ya ba da umarnin korar mai gabatar da ƙara na musamman, Archibald Cox, Ministan Shari'a Elliot Richardson da mataimakinsa suka bar aiki maimakon su aiwatar. A Nuwamba ya je birnin Orlando ya tsaya gaban editoci kimanin 400 yana rantsuwar shi ba macuci ba ne, bayan 'yan kwanaki kuma aka sanar da kotu cewa an goge minti 18 da rabi daga ɗaya daga cikin faya-fayan.

Yunƙurinsa na ƙarshe ya yi kama da na 1952. Ranar 29 ga Afrilu, 1974, ya bayyana a talabijin da tarin kundaye a gefensa, ya ce zai saki rubutaccen abin da ke cikin faya-fayan, shafi sama da 1,200, bayan fadar ta tace. Wannan karon jama'a suka karanta da idonsu, suka ga shugaba mai ashar da ƙulle-ƙulle, yana tattauna yadda za a samo kuɗin toshiyar baki. Jaridar Chicago Tribune, wadda ta daɗe tana bayansa, ta buga kundin gaba ɗaya, sannan ta nemi ya sauka. Ranar 24 ga Yuli Kotun Ƙoli, da bakin alƙalai takwas ba saɓani, ta umarce shi ya miƙa faya-fayan. Kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhume-tuhume uku na tsige shi, kuma abin lura a nan shi ne, cikin laifuffukan da tuhuma ta farko ta lissafa har da yin kalaman ƙarya a bainar jama'a domin yaudarar 'yan ƙasa. Wato abin da fadar ta ɗauka a matsayin iya hulɗa da 'yan jarida, majalisa ta rubuta shi a takardar tuhuma. Ranar 5 ga Agusta aka saki faifan 23 ga Yunin 1972, sauran magoya bayansa a majalisa suka watse. Farin jininsa, wanda ya kai kashi 67 cikin ɗari a farkon 1973, ya koma 24. Ya sanar da murabus daren 8 ga Agusta, Ziegler na cikin waɗanda suka raka shi gida Kalifoniya.

Magajinsa Gerald Ford ya yi masa afuwa bayan wata guda, amma Mitchell da Haldeman da Ehrlichman da Dean da Colson duk sun ɗanɗana gidan yari. Nixon ya shafe sauran shekara 20 na rayuwarsa yana gyara sunansa, kuma da kayan aikin da ya saba. A 1977 ya sayar wa ɗan jaridar Ingila David Frost hira kan dala 600,000, inda ya amsa cewa ya ba Amurkawa kunya, ba tare da ya amsa aikata laifin da doka za ta hukunta ba. Ya rubuta littattafai, ya yi tafiye-tafiye, shugabannin da suka biyo baya suka koma neman shawararsa kan Rasha da Sin. A 1986 mujallar Newsweek, mallakar kamfanin Katharine Graham, ta sa hotonsa a bangonta tana shelar dawowarsa. Ya rasu a New York ranar 22 ga Afrilu, 1994, yana da shekara 81, aka binne shi a Yorba Linda kusa da gidan da aka haife shi, shugabannin Amurka biyar suka halarci jana'izar.

A 2005 aka bayyana cewa babbar majiyar Woodward ta ɓoye ita ce Mark Felt, mutum na biyu a hukumar FBI a wancan lokaci. Faya-fayan sun nuna cewa tun Oktoban 1972 Haldeman ya gaya wa Nixon cewa Felt ne ke tsegunta labari, amma suka kasa taɓa shi saboda ya san abin da ya sani. Fadar da ke iya tsoratar da kamfanin talabijin ta zama tana tsoron ma'aikacinta.

Duk wanda ke riƙe da kujerar magana da yawun wani shugaba, da shi kansa shugaban da ke tura shi, yana da abin dubawa a rayuwar Nixon. Raina labari, da zagin wanda ya kawo shi, da toshe wa jarida hanyar abinci, duk suna iya sayo lokaci, kuma sun sayo wa Nixon wa'adi na biyu. Amma 'yan jarida su kaɗai ba su isa su sauke shi ba. Aikinsu shi ne sun hana maganar mutuwa har ta isa hannun alƙali da 'yan majalisa waɗanda suka ƙi a saye su ko a tsorata su, cikinsu har da 'yan jam'iyyarsa. Har yau ba a sami hujjar da ta tabbatar cewa Nixon ne ya ba da umarnin fasa ofishin Watergate ba. Abin da aka tabbatar, kuma da muryarsa, shi ne rufa-rufar da aka yi domin maganar da ya faɗa wa 'yan jarida ranar 22 ga Yuni ta ci gaba da tsayawa.